Ruri Babu Tafiya

Shekara talatin da biyar ina shaƙar alli,
kuɗin sallamar na ƙirga wa Nalado dillali
a bakin Ƙofar Ƙaura.
Ya miƙo makulli yana rantsuwa:
wata tsohuwa ce ta hau ta a Turai,
daga gida sai kasuwa.
Ruwan toka, fenti kamar an lashe,
ba kuloci, birki ne da totur kawai,
gwiwata ta hagu har ta yi hamdala.

Da safe lafiya lau take,
sanyin asuba na rufa mata asiri.
Sai ran da na kama hanyar Mashi da azahar,
gero buhu biyu a baya, jikana Tanimu a gefe,
na fito zan wuce tirela, na taka.
Allura ta miƙe, biyu, uku, ta haura huɗu,
inji na ruri kamar bajimi a turke,
tayoyi ba su ji kiran ba.
Ga ni kafaɗa da kafaɗa da tirela,
yaron mota na leƙo ni yana shan rake.
Can sai gum! ta shiga,
kamar an mangare ni a ƙeya.
Tanimu ya ce, Baba Malam, tuntuɓe ta yi?

Sallau, gindin bedi, bayan Ƙofar Guga,
bai taɓa sufana ba tukuna.
Ya ce a bar ta ta ɗau zafi,
ramin ƙarya ƙurarre ne.
Ya danne birki, ya ja ta ribas
yana ƙirgawa a fili:
ɗaya, biyu, uku, huɗu,
sannan ta girgiza ta amsa.
Mai lafiya, in ji shi, ba ta kaiwa biyu.

Ya zaro ma'aunin man giya
ya shafa a farin ƙyalle.
Malam, ka san zoɓo?
Haka man kirki yake, ja, garai-garai.
Nawa kuwa ya koma ruwan jiƙo.
Ya kai min hanci: ƙauri,
tuwon da aka manta bisa murhu.
Ya durƙusa yana neman ɗigo a ƙasa,
don in mai ne ya ragu, ko matata ta toshe,
abin da sauƙi, in ji shi, ka sha shayi ka tafi.
Ba ɗigo.
Ya kwanto farantin ƙasa,
maganaɗisu ya yi gemu da garin ƙarfe.
Ya murza a yatsu, ya daɗe bai ce komai ba.

Fayafayan cikinta sun cinye, Malam,
sun yi sulɓi irin na tsohon silifa a jiƙaƙƙen siminti.
Inji na iyakar ƙoƙarinsa,
abin kamawa ne babu.
Wani ya ɗura mata mai kauri
don ta yi shiru har kuɗi su shiga aljihu.

Ya faɗi kuɗin gyara.
Na nemi tsohuwar taya na zauna.
Wayar Nalado a kashe.

Na so in yi fushi, sai na ga na san ciwon.
Na ga yara masu tsage maƙogwaro da hadda,
ka tambayi ma'ana su yi zuru.
Ni kaina, in ladan ya kira asuba,
zuciya kan ce tashi,
gwiwa sai ta ƙirga huɗu kafin ta amsa.

Ka kawo ta Asabar, in ji Sallau,
kafin nan lallaɓa ta, kar ka wuce kowa.
Muka taho gida a hankali,
masu kekuna na barin mu a baya.
A ƙofar gida na sa ribas zan gyara tsayuwa,
na ji Tanimu ƙasa-ƙasa
yana ƙirga mata.